Taku Goma Sha Ɗaya Zuwa Bakin Ruwa

Ranar Talata da sassafe, kafin rana ta leƙo ta kan katanga, Ezequiel Barragán ya zare sandar abin goge ɗaki na matarsa, ya soka ta a hammata, ya tsaya a ƙofar kicin. Daga nan zuwa matakalar tafkin wanka da ke bayan gidan taku goma sha ɗaya ne. Ya ƙirga su jiya, ya ƙirga shekaranjiya. Yau so yake ya taka su yadda 'yarsa Noemí za ta taka su, da sandar dogarawa.

Noemí za ta dawo gida ranar Asabar. Mako bakwai ke nan tana asibiti, tun ranar da wata babbar mota ta bugi motarta a hanyar Phoenix, aka haɗa mata ƙashin cinyar hagu da ƙarafa. Matar da ke koya mata tafiya ta zaunar da Ezequiel da matarsa Adelaida, ta faɗa musu abu biyu. Na farko, tafiya a cikin ruwa kullum ita ce za ta dawo da ƙafar, kuma sun yi sa'a suna da tafki a gida. Na biyu, faɗuwa ɗaya tak ta isa ta mayar da yarinyar ɗakin tiyata. Ta ce in dai akwai inda sanda za ta harɗe tsakanin ƙofa da ruwa, to kada ta kusanci wurin. Adelaida ta riƙe magana ta farko. Shi kuwa ta biyun ce ta biyo shi gida, yake kwana da ita yake tashi da ita. Ya ma ɗauki hutun mako guda daga tuƙin motar 'yan makaranta saboda ita.

Ya dogara sandar ya fara tafiya. Ɗaya, biyu, uku. A taku na bakwai sandar ta kafe, ƙirjinsa ya yi gaba, saura kaɗan ya ci da baki.

Ya durƙusa ya duba. Daɓen kankaren da ke kewaye da tafkin gida-gida aka zuba shi, kowane gida da siririyar tsaga tsakaninsa da ɗan'uwansa. A tsaga ta uku, gidan da ke gaba ya ɗago sama da na bayansa da kaurin yatsa biyu, bakinsa ya marmashe. Mutum mai ƙafa biyu zai wuce shekara bai lura ba. A daidai bakin da ya ɗago kuwa, ga shatin tafin hannun Noemí da aka danna a ɗanyen siminti ranar da aka zuba daɓen, tana shekara biyar, yatsun suna kallon ƙofar kicin.

Ya san abin da ya jawo, ko da yake bai so ya sani ba. Shekara uku da suka wuce tsohon danƙon da ke cikin tsagogin ya ruɓe, ciyawa ta fito, tururuwa suka yi gida. Wata safiya Adelaida ta ga kunama ta shige ɗaya daga ciki, a inda Noemí ke yawo ba takalmi. A ranar Ezequiel ya kwaɓa siminti ya cike kowace tsaga dam, ya shafe, ya ji hankalinsa ya kwanta.

Yanzu ma dabarar da ta zo masa ita ce ta siminti. Kafin ƙarfe takwas ya je shago ya dawo da buhu guda a kafaɗa. Niyyarsa ya ɗan gina gangare a gaban bakin da ya ɗago, sanda ta hau ta wuce. Yana yaga bakin buhun sai ya ji murya ta kan katanga.

"Injiniya ya dawo aiki ke nan. Wa za a binne yau?"

Maƙwabcinsu ne Fermín Ochoa, wanda ake kira Don Fermín saboda girmamawa, tsaye a kan bokitin da yake takawa idan zai sa baki a abin da ba a tambaye shi ba. Shekararsa saba'in da huɗu, arba'in daga ciki a durƙushe ya yi su yana shafe kankare a zafin Arizona, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Shi ya zuba wannan daɓen. Shi kuma ya tsaya wa Noemí a matsayin uba ranar baftismarta, shi ya sa shi da Ezequiel ba sa kiran juna da suna sai compadre.

"Ɗan gyara ne, compadre. Ba wani abu ba ne."

"Ɗan gyara. Ajiye buhun nan kafin in sauko in ajiye maka shi a ka."

Ya zagayo ta ƙofar gefe yana ɗingishi, da kofin kofi a hannu. Bai durƙusa ba, sai ya sa bakin takalminsa ya bi tsagar daga wannan gefe zuwa wancan.

"Lokacin da ka yi wannan ta'asa ina Sonora wurin ƙanwata," in ji shi. "Na dawo na gani, na yi shiru. Na ce mutum da gidansa. Yanzu faɗa mini, kai da kake tuƙa yara kullum a kan gada, ba ka jin tayar motarka tana cewa ƙwas ƙwas a kan wasu layuka? Kana tsammani mantuwa aka yi ba a cike su ba?"

"Kunama ce ta shiga, compadre."

"To ka kashe kunamar mana! Me daɓena ya yi maka? Ka ji, kankare ba a tsaye yake ba. Da rana ya sha zafi ya miƙe, da sanyin safiya ya tsuke. A watan Yuli, lokacin da ba ka iya taka shi ba takalmi, kowane gida a nan turin ɗan'uwansa yake. Tsagar nan don haka na bar ta, na sa mata abu mai laushi. Kai kuma ka zo ka cusa dutse a tsakani. Ina kake so ya je? Ƙasa ba hanya, gefe ba hanya. Sai sama."

Ezequiel ya kalli buhun, ya kalli tsagar. "Ran Asabar za ta dawo," ya ce a hankali.

Don Fermín ya kurɓi kofinsa. Da ya sake magana, tsokanar ta ragu.

"Na sani. Adelaida ta faɗa wa matata. To saurara. Yau ka fasa duk simintin da ka zuba, kada ka bar ko tsakuwa. Jibi da asuba mu zuba danƙo. Yana son kwana biyu cur ba a taka shi ba. Idan muka wuce safiyar Alhamis, to ran Asabar yarinya sai dai ta kalli ruwa ta taga."

"Bakin da ya ɗago fa?"

"In ka cire abin da ya tokare shi, zai ɗan sauka. Abin da ya rage sai a gurje shi da inji, a kwantar da shi."

Dukansu biyu suka kalli tafin hannun. A daidai inda injin zai ci yake.

Wuni guda Ezequiel ya yi a durƙushe da guduma da cizal. Simintin da ya zuba da hannunsa ya kama da kyau, abin haushi, sai ƙanana-ƙanana yake fita. Don Fermín ya zauna a inuwar bishiyar lemun tsami yana ba da umarni, yana ƙorafin cewa kofin gidan nan ruwan wanke kwano ne. Da tsakar rana Adelaida ta fito musu da wake da ƙwai a naɗe cikin tortiya, siririyar gurasarsu, ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallon mijinta.

"Tsoho, ka sha ruwa. Gado ɗaya muke da shi a asibitin nan, ba na son na biyu."

"Saura tsaga biyu, Adela."

"Haka ka ce tun ɗazu."

Da yamma ya gama. Ya share, ya hure ƙurar da injin hura ganye, ya sake sharewa. Sannan ya tsaya a kan gidan da ya ɗago, ya yi tsalle sau uku ko zai taimaka masa ya sauka. Don Fermín ya yi dariya har da tari.

Washegari tun kafin ya wanke fuska ya fita ya gwada da yatsunsa. Bakin ya sauka, amma kaɗan. Jiya yatsa biyu, yau yatsa ɗaya da ɗan wani abu. Ya ɗauko sandar ya sake takawa, sandar ta sake kafewa a taku na bakwai.

Ya nemi wata hanya. Ya gwada zagayawa ta wajen bishiyar lemun, amma can tsakuwa ce, kuma ƙarfen da ake kamawa a shiga ruwa yana wannan gefen ne. Ya shimfiɗa tabarmar roba ta ƙofar gida a kan wurin, ya taka, tabarmar ta zame. Ya ɗauko katako, ya mayar. Da Don Fermín ya zo da injin gurza a cikin tsohuwar jaka, ya same shi zaune a ƙasa kusa da hannun.

"Nawa zai ci?" Ezequiel ya tambaya.

Tsohon ya sa alli ya ja layi a kan daɓen, kamu ɗaya daga bakin tsagar. Layin ya ratsa ta tsakiyar tafin. Yatsu huɗu suna cikin abin da za a gurje.

"Ba za a iya rage shi ba?"

"Za a iya, in kana son gangaren ya yi tsaye, sanda ta zame a kai lokacin da ya jiƙe. Ni na ɗaga ta na danna hannun nan, compadre. Tana ta ihu wai sanyi. Ba daɗi nake ji ba."

"Bari in ƙara tunani."

"Yi tunaninka. Amma gobe Alhamis."

Adelaida tana jin su ta tagar kicin. Da ya shigo shan ruwa, ba ta juyo daga wanke-wanken ba ta ce, "Hannun wa ne?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"To ka tambayi mai shi mana."

"In ce mata me? In ce ubanki ya lalata hanyar da za ki bi? Yarinyar da ke fama da kanta?" Mako bakwai ke nan bai kai wa Noemí labari mara daɗi ko ɗaya ba. Da injin sanyaya gida ya lalace bai faɗa ba. Da aka ja ragowar motarta zuwa bola bai faɗa ba. Kullum labarinsa ɗaya ne, komai lafiya.

"Shekararta ashirin da biyu," in ji Adelaida. "An tsaga mata cinya an ɗinke. Labarin siminti ba zai kashe ta ba."

Da la'asar ya je asibitin shi kaɗai. Ya same ta a zaune a bakin gado, sandunanta biyu a jingine da bango, tana cin 'ya'yan inabi daga leda. Ta rame, amma idon nan nata mai neman abin dariya yana nan. Ta kama hannunsa ta juya shi, ta ga bororon da guduma ta yi masa.

"Baba, me ka fasa?"

"Ba komai, Mimí. Komai lafiya."

"Komai lafiya ne ya yi maka wannan? Ko dai Mama ce ta gaji da kai?"

Ya zauna a kujera ya faɗa mata. Ya fara daga kunama, ya bi ta kan siminti, da zafin Yuli, da sandar goge ɗaki a hammata. A nan ta ajiye inabin ta rufe baki.

"Tsaya, tsaya. Da sandar Mama? Kawu Fermín ya gan ka? Don Allah ka ce ya ɗauki hoto."

"Ba abin dariya ba ne, 'yata." Ya ciro waya ya nuna mata layin allin. "Idan aka gurje, yatsu huɗu za su tafi. Ba su dawowa. Laifina ne."

Ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo. Dariyar ta tafi. Ta sa yatsa biyu ta buɗa hoton, ta kalli ƙanƙantar tafin.

"Na tuna ranar," ta ce. "Ka hana ni sa ɗaya hannun, wai siminti yana cin fata. Ka wanke ni da sabulu sau uku."

"Yana ci ɗin."

"Na sani." Ta miƙa masa wayar, sannan ta ɗaga hannunta na dama ta buɗe yatsun a gaban fuskarsa. "Baba, ga hannun nan, yana jikina, guda biyar cif. Ƙafar nake nema. Kullum a nan sai na yi mafarkin ruwan nan. Ka gurje."

"Kin tabbata?"

"In ba za ka iya ba, ka ba Kawu. Amma na fi so kai ka yi."

Da ya dawo gida rana ta kusa faɗuwa. Ya sami Don Fermín a durƙushe a kan matashin kujera, abin da bai taɓa ganin ya yi ba tun da ya bar aiki. Ya kewaye tafin hannun da 'yan katakai huɗu, ya shafe cikinsa da man girkin Adelaida, yana zuba kwaɓaɓɓen siminti a kai.

"Buhun nan naka ba zai tafi a banza ba," ya ce, bai ɗago ba. "Da safe mu ɗaga. In ya fito, ya fito. Ban yi alkawari ba. Zo ka tashe ni, gwiwar ta ƙi."

Ranar Alhamis suka fara da fitowar alfijir, kamar yadda kowane mai aikin kankare ke yi a garin, don ƙarfe goma ya same ka a inuwa. Don Fermín ya soka bakin cizal a ƙarƙashin simintin jiya ya ɗaga a hankali. Ya fito da siffar hannun a kumbure, sai dai ɗan ƙaramin yatsa ya karye ya zauna a cikin ramin.

"Ka gani," in ji tsohon. "Simintin da ka zaɓa ma mai araha ne."

Ezequiel ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya sa tabarau, ya kunna injin. Ƙarar ta tashi tsuntsaye daga bishiyar lemun. Ya sauke faifan a bakin daɓen, farar ƙura ta turnuƙe, ya yi ta kai da kawowa yadda aka nuna masa, ba dannawa. Bai ga lokacin da yatsun suka tafi ba, ƙura ta rufe. Da ya kashe injin ya hure wurin, sai gangare mai laushi, da rabin tafi da babban yatsa a bayan layin.

Sauran aikin natsuwa yake so. Suka manna salatif a gefe da gefen kowace tsaga. Suka cusa doguwar igiyar soso a ciki, don kada danƙon ya zurare ƙasa ya ɓata. Ezequiel ya riƙe bindigar matsawa yana ja da baya a durƙushe, danƙon yana fita toka-toka kamar kunu mai kauri, yana kwanciya da kansa. Hannunsa ya kai zai shafe.

"Kul! Wa ya aike ka? Shi ya san hanyarsa."

Don Fermín yana biye da shi da gwangwanin yashi mai laushi, yana barbaɗawa a kai da yatsu uku kamar mai sa gishiri a nama, don kada ya yi santsi, kada kuma ya kama tafin ƙafa. Kafin ƙarfe tara sun ɓare salatif ɗin, sun jera kujeru sun tare hanya.

"Yanzu aikinka ɗaya ne," in ji tsohon. "Ka sa hannuwanka a aljihu har Asabar."

Ya yi ƙoƙari. Ranar Juma'a da yamma ya kasa. Ya je can ƙarshen tsaga ta uku ya danna da babban yatsa. Abin ya lotsa. Ya cire yatsan, sai ya ga wurin ya dawo daidai. Ya sake dannawa, ya sake lotsawa. Ya nufi katanga da sauri.

"Compadre! Bai bushe ba! Har yanzu da laushi!"

Kan Don Fermín ya bayyana a kan katangar, yana tauna wani abu. "Ya manne maka a yatsa?"

"A'a."

"To ya gama. Haka zai zauna, bana da baɗi. Ranar da ka ji ya yi tauri, ranar za ka kira ni. Kuma na ce maka aljihu."

Ranar Asabar da hantsi suka ɗauko Noemí daga asibiti. Ko zama ba ta yi ba. Ta ga siffar hannun a kan tagar kicin inda Adelaida ta jingina ta, ta shafa gurbin yatsan da ya karye, ta ce wannan aikin Kawu ne ko na Baba, uwar ta ce na su biyun ne. Sannan ta shiga ɗaki ta daɗe tana fama da kayan wanka, ta fito da dogon tabon ɗinkin a fili, ta tsaya a ƙofar kicin da sandunanta. Don Fermín yana kan bokitinsa.

Ezequiel ya matso ya kama gwiwar hannunta.

"Baba, in ka riƙe ni ba zan iya jefa sandar ba. Koma gefe."

Ya sake ta. Bai san inda zai kai hannuwan ba, sai ya cusa su a aljihu. Ya bi ta a gefe, leɓɓansa suna motsi. Huɗu. Biyar. Shida. Bakwai. Takwas. Ta jefa sandar dama, robar ƙasanta ta sauka a kan tsaga ta uku daidai, yashin ya ɗan lotsa ya riƙe ta. Ta ja ƙafar hagu ta hau gangaren, ta wuce ta kan rabin tafin ba ta ko kalli ƙasa ba.

A bakin matakala ta miƙa masa sandunan, ta kama ƙarfen, ta sauka mataki-mataki har ruwan ya kai mata ƙirji. Ta rufe ido ta tsaya. Can ta ɗaga ƙafar hagu ta taka, ta sake takawa, ba sanda.

"Nawa ka samu, injiniya?" Don Fermín ya tambaya daga katanga.

"Goma sha huɗu," in ji Ezequiel. "Takunta ya fi nawa gajarta."

Ya jingina sandunan a jikin ƙarfen, inda hannunta zai kai gare su in ta fito. Sannan ya jawo kujera ya zauna a inuwa, kusa dai, ba can nesa ba.